Kafin Mu Sake Ɗinka Anko, Don Allah A Karanta Wannan



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, da masu tsaya mana a akwati ranar zaɓe, barkanmu da war haka. Ya gida, ya yara, ya haƙuri da wannan rayuwa? Allah ya kawo mana sauƙi. Saƙon yau yana da ɗan tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshensa. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, don maganar ta shafe mu duka.

Kun dai ga kaka ta fara kankama. Wayoyinmu da suka yi shekara uku shiru, yanzu har cikin dare ruri suke. Waɗanda ba su zo mana ta'aziyya ba lokacin da muka yi rashi, yanzu ko sunan jikar maƙwabciyarki ake yi sai kin gan su da tawaga. Ni kaina an fara aiko min ana tambaya: Hajiya, turmi nawa na atamfa zai ishi matanki? Yaushe mata za su fito su nuna goyon baya? Har yau ban ba kowa amsa ba, kuma ina so ku ji dalilina daga bakina kafin ku ji a bakin 'yan tsegumi.

Bayan zaɓen da ya wuce, na jagoranci wasu mata daga wata mazaɓa zuwa wajen wani da muka yi wa wahala har ya ci. Ba zan kama suna ba, kuma kada a tambaye ni ta bayan fage. Ba kuɗi muka je roƙo ba. Famfon burtsatsen unguwarsu ne ya lalace wata da watanni, sannan ɗan asibitin da suke haihuwa ba wuta, ungozoma da fitilar waya take karɓar haihuwa. Mun isa ƙofar gidansa da hantsi. Aka ce yana hutawa. Muka yi azahar a gindin bishiya. Aka ce yana ganawa da manyan baƙi. Bayan la'asar aka wangale ƙofa, motoci suka fito a jere, gilashi baƙi ƙirin, ko ɗaga mana hannu ba a yi ba. Yaronsa ya zo ya miƙa min ambulan wai a hau mota.

A hanyar komawa wata dattijuwa da ke cikinmu, wadda ta tsaya a layi da ciwon ƙafa ranar zaɓe, ta dafa ni ta ce: "'Yar nan, wai shin mu muka aike shi, ko shi ne ya aike mu?" Wallahi ban iya ba ta amsa ba. Tambayar nan ta hana ni barci, kuma ita ce na kawo muku yau. Wanda ya hau kujera, ya hau ne don ya yi wa jama'a hidima, ko don ya ji daɗin iko?

A takarda dai amsar a fili take. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 14, ya nuna cewa iko na jama'ar Najeriya ne, daga wajensu gwamnati take samun duk ƙarfin da take da shi, kuma babban dalilin kafa gwamnati shi ne tsaron mutane da walwalarsu. Duk wanda aka rantsar, da Alƙur'ani ko da Baibul a hannunsa, ya yi alkawarin ba zai bari son ransa ya shiga cikin aikinsa ba. Ke nan a dokar ƙasa shi ɗan aike ne, mu ne masu aiken. Albashinsa, motarsa, man da ke cikinta, ɗan sandan da ke buɗe masa ƙofa, duk daga aljihun jama'a suke fita.

A addini ma haka muka taso muka ji. Duk wadda ta zauna a gaban malam a Islamiyya ta san labarin Sahabi Abu Zarri da ya nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi muƙami, sai aka nuna masa cewa abin amana ne mai nauyi, kuma nadama ne ranar gobe ga wanda bai sauke haƙƙinsa ba. Mun san labarin Sayyidina Umar da ya fita zagaye cikin dare ya tarar da wata uwa ta ɗora tukunya tana lallashin 'ya'yanta da ba su ci komai ba, ya koma baitulmali ya saɓo buhun gari a bayansa, ya ƙi yarda hadiminsa ya ɗaukar masa, don ya san ba wanda zai ɗaukar masa nauyin a lahira. 'Yan uwanmu Kiristoci da ke cikin wannan tafiya su ma suna da labarin wanke ƙafafun almajirai. Babu addinin da ya ce shugaba ya rufe gilashi ya wuce tsohuwa a rana.

To in haka ne, ina matsalar take? Kada mu yaudari kanmu mu ce neman mulki shi ne laifin. Ai mu ma mulkin muke nema wa jam'iyyarmu, shi ya sa muke yawo gida-gida. In ba ka da iko ba ka iya sa hannu a gina aji, ba ka iya ɗaukar malamar asibiti aiki. A 1979, da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka hau, da ikon kujera suka soke haraji da jangali da suka daɗe suna gallaza wa talakawa. Ku tambayi iyayenmu da suka ga lokacin da magidanci yake gudu ya bar gida saboda kuɗin haraji, za su ba ku labari. Iko kamar wuƙar kicin ne: da ita ake yanka albasa a ciyar da gida, da ita kuma ake ɓarna. Tambayar ita ce a hannun wa muka sa ta, kuma bayan mun sa, muna dubawa ko mun juya baya?

Mai hidima da mai son iko ba su da wuyar bambancewa, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mai son iko yana auna kansa da yawan motocin da ke binsa da yawan masu durƙusa masa. Ya fi son a zo a roƙe shi ya bayar da hannunsa, a ɗauki hoto, a kan ya gyara abin da zai sa a daina roƙo. Zai biya wa mutum ɗaya kuɗin asibiti a buga a Facebook, amma asibitin mazaɓar ba magani. Ba ya son tambaya. Da kin ce ina aikin da aka yi alkawari, sai a ce an saye ki, ko kina yi wa jam'iyya zagon ƙasa. Shi kuwa mai hidima, lambarsa ta kafin zaɓe ita ce ta bayan zaɓe. In abu ya fi ƙarfinsa zai faɗa miki gaskiya, ya nuna miki ƙofar da za a buga. Kuma muna da irinsu a cikin jam'iyyar nan, Allah ya sani, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Abin takaicin shi ne sau da yawa su ne ba su da kuɗin rabo, sai mu bar su mu bi mai jiniya.

A nan ne zan taɓo mu kanmu, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wa yake rangaɗa guɗa in mai girma ya shigo? Mu. Wa yake cika fili tun safe, da goyo, ba ruwa ba abinci, sai an gama a ba mu kuɗin mota? Mu. Wa yake zuwa layi tun asuba ranar zaɓe? Mu ne dai. A rajistar 2023, cikin masu zaɓe sama da miliyan 93, mata sun haura miliyan 44. Amma a Majalisar Dattawa mai kujeru 109, matan da suka shiga bayan wannan zaɓen ba su wuce huɗu ba. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, har da na ware mana kujeru da na ba mu kaso a shugabancin jam'iyyu, sai da mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisa suna zaman dirshan. Waɗanda suka kada ƙudurorin nan, da ƙuri'un mata suka je wurin. Sun yi lissafi sun ga ba abin da zai same su, don sun san in kaka ta zo atamfa za ta wanke komai.

Mu ma mu yi namu lissafin. A ce an ba ki naira dubu biyar ranar zaɓe. Wa'adin shekara huɗu kwana 1,461 ne. In kika raba, kowace rana naira uku ce da 'yan kwabbai. A kan naira uku a rana kika sallama bakinki, kika sallama asibitin da za ki haihu, da ajin da ɗanki zai zauna. Shi kuma wanda ya biya, a ransa ciniki ya faɗa, ba ki bin sa bashin komai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ba na zargin bazawara mai marayu biyar da aka miƙa wa taliya da sabulu ta karɓa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kwanon masara da kuɗin mota suka koma, yunwa kuma ba ta san aƙida ba. Da mu nake, shugabannin mata, mu da ake kira ɗaki a rufe ƙofa a ce nawa za a ba ki ki kawo matanki. Mu ne dillalan. Kuma ba zan cire kaina ba. Ni ma kujera nake kai. Akwai lokacin da aka kawo kayan tallafi aka ce in rubuta sunaye, na fara da na kusa da ni, na bar waɗanda suka fi su buƙata. Akwai lokacin da na ji daɗin yadda ake tashi a ba ni wuri a taro har na manta wadda ta kira ni sau uku ban ɗauka ba. Ashe ciwon da nake gani a jikin manya yana jikina, kujerar ce kawai ƙarama. Ina neman afuwar duk wadda na yi wa haka, kuma daga yau duk jerin sunayen rabo da ya bi ta hannuna, za a karanta shi a gaban taron mazaɓa kafin a raba.

Ku tuna da wahalar da aka sha kafin ƙuri'ar nan ta zo hannunmu. Lokacin da matan Kudu suka jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, matan Arewa ba su da wannan 'yancin. Sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, aka fara barin mu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, Allah ya jiƙanta, tun tana yarinya ta shiga NEPU, aka yi mata duka, aka aske mata kai, aka ɗaure ta har sau 16, kuma cikin abin da take faɗa a kai akwai 'yancin macen Arewa ta yi zaɓe. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, gidansa na Gwammaja yana nan, duk mai so ya je ya gani da idonsa ko gidan mai tara dukiya ne. Yau kowace jam'iyya tana kiran sunayensu a kan mumbari. Kiran suna ba wuya. Abin da Gambo ta sha ɗauri a kansa, bai kamata mu sayar da shi a kan turmin atamfa ba.

Wata za ta ce, to Hajiya, mu da ba mu yi boko mai zurfi ba, me za mu tambaya? Ni ma sakandare na tsaya, amma akwai abubuwan da na nemi sani, kuma ga su a sauƙaƙe.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kula da lafiya a matakin farko, wato irin ƙananan asibitocinmu na mazaɓa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 don firamare da ƙaramar sakandare, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma an sha barin kuɗin nan a Abuja ba a ɗauko ba alhali yaranmu suna zaune a ƙasa. 'Yan Majalisar Tarayya suna da ayyukan mazaɓu da ake saka musu a kasafin kuɗi duk shekara, kuma tun 2019 hukumar ICPC take bin sawunsu, ta sha gano ayyukan da aka biya ba a yi ba, da kayan jama'a da aka ɓoye. Saboda haka in an kawo keken ɗinki ko injin markaɗe an ce kyautar mai girma ce, ki yi godiya don ladabi, amma ki sani sau da yawa kuɗinki ne ya dawo miki. Sannan a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 a riƙa ba su kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, ban da kantomomi. Muna da damar tambayar ciyaman da kansila: nawa ya shigo, ta ina ya shigo, me aka yi da shi? Akwai ma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi bayani, a ba shi amsa cikin kwana bakwai.

Kuma lokacin tambayar yanzu ne. Tsarin mulki ya ba da damar yi wa ɗan majalisa kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa sun sa hannu, sannan a tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Hanya ce mai wuyar gaske. Gwamna kuwa yana da rigar kariya muddin yana kan kujera. In mutum ya riga ya haye, sai dai haƙuri na shekara huɗu. Ƙarfinmu yana nan ne kafin zaɓen fidda gwani, lokacin da yake buƙatar mu fiye da yadda muke buƙatar sa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka ga abin da nake roƙon mu tsaya a kai, kuma zan gabatar da shi a zamanmu na gaba don kowa ta faɗi ra'ayinta:

1. Kowace shugabar mata ta mazaɓa ta tara matanta, su zaɓi matsaloli uku da suka fi damun su, a rubuta a takarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada a rubuta "a taimaka wa mata". A rubuta sunan famfon, sunan makarantar, abin da asibitin ya rasa.

2. Duk mai riƙe da kujera da yake son komawa, ya zo da kansa ya zauna da mata, ban da aike. Ya faɗa mana alkawarin da ya yi wancan karon, wanda ya cika da wanda bai cika ba, da dalili. Wanda ya yi aiki mu faɗa da babbar murya, mu tsaya masa ko bai ba mu sisi ba.

3. Sabon ɗan takara mu tambayi tarihinsa. Me ya taɓa yi wa unguwarsu kafin ya fara sha'awar kujera? Yaya yake da ma'aikatansa, da maƙwabtansa, da iyalinsa? Wanda bai riƙe amanar mutum goma ba, ba zai riƙe ta dubu ɗari ba.

4. Duk wanda muka mara wa baya ya sa hannu a takardar buƙatunmu, ya kuma amince zai riƙa zama da matan mazaɓa aƙalla sau biyu a shekara. Kwafi ɗaya a wajensa, ɗaya a wajenmu.

5. Babu shugabar mata, har da ni, da za ta shiga ɗaki ita kaɗai ta yi ciniki da sunan mata. Duk ganawa a je mutum uku zuwa sama, abin da aka tattauna a dawo a faɗa.

6. Inda mace mai cancanta ta fito takara, kada mu zama mu ne na farkon cewa ba za ta iya ba. Ita ma kuma za mu yi mata tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, don zama mace ba ya wanke kowa daga son iko.

Na san wannan saƙon zai fita daga wannan zaure kafin magariba, kuma na san za a kai shi inda za a kai. Za a ce Hajiya ta fara yi wa jam'iyya tawaye, ko wani ne ya ɗauki nauyinta. Mai faɗa ya faɗa. Ina cikin jam'iyyar nan daram, kuma don ina son ta ci zaɓe nake wannan magana. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kusan miliyan 25 ne kawai suka fito. Sauran sun zauna a gida, da yawansu don sun yanke ƙauna, sun ce duk kanwar ja ce. Mu da muke shiga gidaje mun san irin maganar da ake faɗa mana a tsakar gida: kun zo kuma? Ina abin da kuka ce wancan karon? Mu ake kallo da idon maƙaryata, ba masu gilashi mai duhu ba. In muka kai wa mata ɗan takarar da ya yi aiki, rabin kamfen ya ƙare. In kuwa wannan matsayin zai jawo a karɓe kujerar da nake kai, to dama ba da ita aka haife ni ba.

Dattijuwar nan da na ba ku labari tana nan da ranta, kuma har yau famfon unguwarsu bai dawo aiki ba. Ina so in koma wajenta kafin zaɓe in ce mata: Inna, ga amsar tambayarki, mu ne muka aike shi, kuma wannan karon sai ya dawo ya ba mu bayanin aiken. Ba zan iya faɗar haka ni kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shugabannin mazaɓu, ina jiran takardunku na matsaloli uku kafin zamanmu na gaba. Wadda take da gyara ko ƙorafi, ko a kaina ne, ta turo min kai tsaye ko ta faɗa a taro, ba zan riƙe kowa a zuciya ba. A duba katin zaɓe tun yanzu, wadda nata ya ɓata ko ta sauya unguwa ta sanar da shugabar mazaɓarta a nuna mata yadda za ta yi.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa da tausayin talaka. Wanda zai zame mana alheri Allah ya ba shi, wanda zai cutar da mu Allah ya nisanta shi da kujera ko ɗan gidanmu ne. Mu kuma Allah ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu. Amin summa amin.

A tura wa sauran zaurukan mata na ƙananan hukumomi da mazaɓu.

Taku a kullum,
Shugabar Mata